Limfoma ta dawo: tambayoyi da amsoshi kan kemo na biyu kafin dashen ɓargo, don Hausawa mazauna Saudiyya

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwanmu na Makka, Jidda da Madina suka fi yi idan likita ya ce kansar limfoma ta dawo bayan maganin farko. A asibiti da Larabci ko Turanci ake bayani, a gurguje, kuma a daidai lokacin da hankalin mutum ba ya jikinsa. An rubuta amsoshin ne don a gane inda likita ya dosa. Hukuncin ƙarshe dai yana hannun likitan jinin da ke riƙe da fayil ɗin mara lafiya.

An ce Baba ya warke, yanzu ga kaluluwa ta sake fito masa a wuya. Shi ke nan cutar ta dawo?

Ba lallai ba ne. Ba kowace kaluluwa ce limfoma ba, ko da a jikin wanda ya taɓa yin ta. Tarin fuka yana kumbura wuya, yana kawo zazzaɓin dare, gumi da rama, kuma a hoton PET, wanda ake neman kansa da shi a jiki, yana haskawa kamar yadda kansa ke haskawa. Shi ya sa likita zai so a sake yanko ɗan nama a duba, ko da an taɓa yi a baya. Kada a ga kamar ɓata lokaci ne. Wani lokaci ma cutar takan dawo da wata kama, mai tafiyar hawainiya ta rikiɗe ta zama mai sauri, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

To idan ta tabbata ta dawo, akwai sauran sa rai?

Akwai, kuma ba maganar kwantar da hankali ba ce kawai. Limfoma tana cikin kansar da ake iya warkewa ko a karo na biyu. A nau'in da ya fi yawa a manya, wanda takardar asibiti ke rubutawa DLBCL, kusan mutum ɗaya cikin uku ne cutar kan dawo masa ko ta ƙi jin maganin farko. Hanyar da aka daɗe ana bi ga masu ƙarfin jiki ita ce kemo (maganin kansa da a nan ake kira kimawi) na biyu, sannan kemo mai tsananin ƙarfi tare da dashen ƙwayoyin ɓargon mutum na kansa.

Tushen wannan hanya wani bincike ne mai suna PARMA da aka wallafa a 1995. An ɗauki waɗanda cutarsu ta ji kemo na biyu aka raba su gida biyu. Bayan shekara biyar, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe suna nan cutar ba ta dawo ba, alhali a waɗanda aka ci gaba da ba su kemo zalla kashi 12 ne kawai. A lura da sharaɗin: waɗanda cutarsu ta ji maganin. Duk maganar tana rataye ne a nan.

Me ya sa ba za a maimaita kimawin farko ba, tunda ya yi aiki?

Dalili biyu. Ƙwayoyin cutar da suka rage su ne waɗanda suka tsallake maganin farko, don haka da wuya ya ci su a karo na biyu. Sannan jan ruwan nan na cikin magungunan farko da aka saba bayarwa, R-CHOP da ABVD, wato doxorubicin, wanda ke sa fitsari ya yi ja, yana da iyakar da zuciyar mutum za ta iya ɗauka a tsawon rayuwarsa. Wanda ya sha zagaye shida ya ci kaso mai yawa na rabonsa.

Likita ya ce dashe ne mafita. Me zai hana a yi dashen kai tsaye, sai an ƙara wahalar da shi da wani kemo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma rashin gane amsarta ne ke sa wasu iyalai su yi sakaci da zagaye na biyu ko na uku.

Dashen ba shi ne ke kashe kansar ba. Abin da ke kashe ta shi ne kemo mai tsananin ƙarfi da ake bayarwa gab da dashen, wanda ƙarfinsa ya kai ya hallaka ɓargon mutum gaba ɗaya. Ƙwayoyin da ake mayar masa aikinsu su tayar da ɓargon ne kawai. Kamar manomi ne da ya ɗebi iri ya adana a rumbu kafin ya banka wa gonar wuta, in wuta ta mutu ya dawo ya shuka. Ashe ke nan idan kansar ba ta jin kemo, ƙara masa ƙarfi ba zai tsinana komai ba, sai dai a jefa mutum cikin haɗari a banza.

Saboda haka kemo na biyu aiki uku yake yi. Yana rage cutar har ta kusa ɓacewa, domin dashe ya fi cin nasara idan an shige shi da ɗan abin da ya rage ko babu komai. Yana gwada cutar, a ga ko har yanzu tana jin magani. Kuma a lokacin da ɓargo ke farfaɗowa daga gare shi ne ake yawan tatsar ƙwayoyin da za a adana. Bayan zagaye biyu, wani lokaci uku, sai a sake hoton PET. Ana ba shi maki daga 1 zuwa 5. Maki 1 zuwa 3 na nufin cutar ta kwanta sarai. Maki 4 tare da raguwa mai kyau kan iya wadatarwa a wasu lokuta. Idan kuwa ba ta motsa ba ko ta ƙaru, ƙofar dashe ta rufe a wannan lokaci, sai a nemi wata hanya.

A gaskiya ba kowa ke kaiwa ba. A babban binciken CORAL na 2010, kusan rabin waɗanda suka fara kemo na biyu ne suka kai ga dashe. Gara iyali su san haka tun farko.

Waɗanne magunguna ake bayarwa? Mun ga haruffa a takarda ba mu gane ba.

Haruffan farkon sunayen magungunan ne aka harhaɗa. Uku ne suka fi yawo, kuma kowanne ana maimaita shi kusan duk mako uku.

R-ICE ya ƙunshi rituximab, ifosfamide, carboplatin da etoposide. Galibi ana kwantar da mutum kamar kwana uku, saboda ifosfamide kan ɗauki awa 24 yana shiga jijiya. R-DHAP kuma dexamethasone ne da cytarabine mai yawa da cisplatin. Shi ma sai an kwanta, don cisplatin na buƙatar ƙarin ruwa sosai saboda ƙoda. R-GDP yana da gemcitabine, dexamethasone da cisplatin, ana iya karɓar sa a koma gida, a dawo ranar takwas a ƙarasa. Harafin R na farko rituximab ne. Shi ba kemo ba ne, magani ne da ke bin wata alama a jikin ƙwayoyin B, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, don haka ba a sa shi ga mai limfomar nau'in T.

Wanne ya fi kyau? Maƙwabcinmu a Shara Mansur ta Makka an ba shi wani daban da namu.

Kada hakan ya dame ku. CORAL ya gwada R-ICE da R-DHAP, kusan kashi 63 cikin 100 suka ji maganin a kowane ɓangare. Wani binciken daga Kanada a 2014 ya nuna GDP bai gaza DHAP ba, kuma ya fi sauƙi a jiki da ƙarancin kwanciya asibiti. Likita jikin mutum yake dubawa: mai raunin ƙoda ko kunne ana kauce masa cisplatin, mai nisan gida ana duba ko zai iya zirga-zirga.

'Yata Hodgkin gare ta. Duk ɗaya ne?

Hodgkin wani nau'in limfoma ne daban, Hajiya. Tsarin ɗaya ne, amma ita tana da ƙarin zaɓi. Ban da ICE, DHAP da GDP, yanzu ana haɗawa da brentuximab, ko magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki irin su pembrolizumab da nivolumab. A Hodgkin an fi matsawa a ga hoton PET ya wanke tas kafin dashe, ko da sai an sauya magani an sake gwadawa. Abu ɗaya da za ki riƙe: mai Hodgkin idan za a ƙara masa jini, jinin da aka haska wa haske na musamman ake ba shi. Ki riƙa tunatar da su a duk asibitin da kuka je.

Wace irin wahala za mu gani a jikinsa?

Ya fi na farko nauyi, wannan kam babu ɓoye-ɓoye. Gashi zai sake zubewa, ga kasala, tashin zuciya da ɗacin baki. Amma kowane magani da tasa halayyar, kuma mai jinya da ya san su yana taimakon likita ƙwarai.

Ifosfamide yana iya ƙona mafitsara, shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai suna mesna, ana kuma gwada fitsari a kai a kai. Yana kuma iya taɓa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Mutum sai ya kama barci marar dalili, ko ya tambaye ka abu ɗaya sau uku, ko ya ce yana ganin mutane a jikin bango. A gida za a ce iska ce ko sammu. Ba su ba ne. A kira nas nan take, a tsayar da ruwan, yawanci yana washewa cikin 'yan kwanaki.

Mai karɓar cytarabine zai ga abin da zai ba shi mamaki: kafin a ɗaura kowace leda, nas za ta miƙo masa takarda da biro ta ce ya rubuta sunansa a ƙarƙashin na jiya, ko ta ce ya taɓa hancinsa sannan ya taɓa yatsanta. Ba wasa take yi ba. Idan rubutun ya fara karkacewa, alama ce maganin ya fara taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi. Za a kuma ba shi maganin ɗigawa a ido, kuma dole ya ci gaba da ɗigawa bayan an sallame shi har kwanakin da aka ce, in ba haka ba ido zai yi ja ya riƙa ƙaiƙayi kamar an zuba yashi.

Cisplatin ƙoda da kunne yake nema. Ƙarar da ba ta tsayawa a kunne, ko raguwar fitsari, a faɗa kafin zagaye na gaba. A kuma guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis. Dexamethasone kuwa yana hana barci, yana buɗe ciki, yana kuma tayar da suga. Mai ciwon suga ya riƙa aunawa, ya rage dabino da shayi mai zaƙi a kwanakin.

Yaushe ne ya zama dole mu ruga asibiti?

Zafin jiki ya kai 38, ko rawar sanyi ko da babu zafi. Daga kamar rana ta 7 zuwa ta 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini sukan faɗi warwas, kuma ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ma ji ta ba tana iya kayar da mutum cikin awoyi. Kada a ba shi Panadol a ce a ga safiya. Panadol ɓoye zazzaɓin yake yi. A tafi sashen gaggawa, a nuna takardar kemo tun a bakin ƙofa, a ce mai kimawi ne kuma yana da zazzaɓi, don kada a ajiye shi a layi. Motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce. Haka kuma haɓo da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, numfashi sama-sama, ko amai da ya hana shan ruwa. A sayi ma'aunin zafi tun kafin zagayen farko. Taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne.

Me ya kawo gwajin hanta a maganar?

Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a cikin mutanen Afirka ta Yamma, kuma da dama suna ɗauke da shi tun ƙuruciya ba su sani ba. Rituximab yana iya tayar da shi daga barci, har hanta ta lalace. Idan gwaji ya nuna mutum ya taɓa kamuwa, sai a ɗora shi kan ƙwaya ɗaya kullum, entecavir ko tenofovir, har watanni bayan an gama komai. Ba a tsayar da ita da ka. Za a kuma gwada zuciya, huhu da ƙoda, a tura shi likitan haƙori a cire ruɓaɓɓe. Mai sikila a jininsa ko a danginsa ya faɗa, don allurar da ke tayar da ɓargo haɗari ce ga mai cutar.

Wa zai ba da ɓargon? Mu 'ya'yansa duk a shirye muke.

Allah ya yi muku albarka, amma a wannan dashen shi ne zai ba kansa. Kuma ba a fasa ƙashi, ba a shiga ɗakin tiyata.

Bayan wani zagaye na kemo za a riƙa yi masa allurar filgrastim a ƙarƙashin fata kullum, wadda ke sa ƙwayoyin asali su baro ɓargo su shigo jini. Alamarta ciwon ƙugu da ƙirji mai bugawa. Idan awo ya nuna sun isa, sai a zaunar da shi kusa da wata na'ura. Jini na fita ta bututu ɗaya, na'urar ta juya shi ta tsame abin da take so cikin wata 'yar leda, saura ya koma ta ɗayan bututun. Zaman kan kai awa huɗu zuwa shida. Leɓe da yatsu kan yi tsiki-tsiki, sai a ba shi sinadarin kalsiyam. Abin da ake tarawa bai fi cikin kofi ba, launinsa ja mai haske-haske. Ana neman aƙalla ƙwayoyi miliyan 2 ga kowane kilo na nauyinsa. In ba su cika ba a sake washegari, ko a ƙara wata allura mai suna plerixafor. Daga nan a daskarar da su a ajiye.

Dashe daga jikin wani mutum kuwa wani abu ne daban, ya fi haɗari, kuma a limfoma galibi sai hanyar farko ta gaza ake zuwa gare shi. A nan ne ake gwada 'yan'uwa shaƙiƙai, inda kowannensu ke da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa sosai. Abin da za ku iya yi yanzu shi ne ku je bankin jini na asibitin ku bayar, don zai sha ƙarin jini.

Yaya shi kansa dashen yake?

Kwana shida na kemo mai ƙarfi, wanda aka fi sani da BEAM, sannan a narkar da ledojin a ɗaura masa kamar ƙarin jini. Ɗakin zai ɗauki wari kamar na tafarnuwa kwana ɗaya ko biyu, daga sinadarin da aka adana ƙwayoyin da shi. Wahalar tana zuwa ne a mako na biyu: gyambon baki, gudawa, zazzaɓi. Tsotsar ƙanƙara lokacin da ake ɗaura melphalan, ɗaya daga magungunan BEAM, yana rage gyambon. Tsakanin rana ta 10 da ta 14 jini kan fara tashi. A lissafa mako uku zuwa huɗu a asibiti, da watanni kafin ƙarfi ya dawo. Waɗanda ke rasa rai saboda dashen kansa a manyan cibiyoyi ba su kai 5 cikin 100 ba.

Idan kemo na biyu bai yi aiki ba fa?

Akwai CAR-T, inda ake ɗibar ƙwayoyin garkuwar mutum a gyara su a ɗakin gwaji su koma su farauci kansar. Bincike biyu, ZUMA-7 da TRANSFORM, sun nuna cewa ga mai DLBCL da cutarsa ta ƙi jin maganin farko ko ta dawo cikin wata 12, CAR-T ya fi hanyar kemo da dashe, kuma Amurka ta amince da shi a wannan mataki a 2022. Don haka wanda tasa ta dawo da wuri ya tambayi likita tun ranar farko ko ya cancanta. Asibitin Sarki Faisal da ke Riyad yana yin sa, sai dai yana da tsada ƙwarai kuma ba kowa ke samun shiga ba.

Zai iya azumi? Sallah a Harami fa?

Azumi a kwanakin cisplatin ko ifosfamide ganganci ne da ƙoda, balle a zafin Makka. Alƙur'ani ya ba mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya rama in ya samu sauƙi. Dattawanmu wannan ne ya fi yi musu ciwo, sai an haɗa da malamin da suke jin maganarsa. Harami kuwa, a kwanakin da jini ya faɗi da watannin farko bayan dashe, cunkoson ɗawafi da na Juma'a ba wurinsa ba ne. Masu zuwa dubiya ma a rage su, mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya.

Zamzam, habbatus sauda, nonon raƙumi, ƙaho?

Zamzam na cikin rufaffiyar jarka a sha da kofin da ba a tarayya da kowa. Addu'a da ruƙiyya babu mai hanawa. Habbatus sauda da sauran jiƙe-jiƙe a nuna wa likita tukuna, don hanta da ƙoda suna da aiki a gabansu. Ɗanyen nonon raƙumi da fitsarinsa a bar su ɗungurungum: suna iya ɗauke da cutar burusela, kuma raƙuma ne matattarar cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a nan Saudiyya a 2012. Fura da nonon da ba a dafa ba, kilishi da tsiren bakin titi su jira. Ƙaho haɗari ne ga wanda ƙwayoyin tsayar da jininsa suka yi ƙasa, haka ma asuwaki mai tauri.

Maigidana matashi ne. Za mu ƙara haihuwa?

BEAM yakan hana haihuwa, sau da yawa har abada, ga namiji da mace. Namiji na iya ajiye maniyyi a daskare, kuma ya fi kyau a yi kafin a fara kemo na biyu. Kunya ce ke hana mutane tambaya, likita kuma yana sauri. Ki sa shi ya tayar da maganar da kansa a zaman farko.

A ina ake yi, kuma mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, yana da hanya?

Asibitin Sarki Faisal na Riyad ya fara dashen ɓargo tun 1984, yana kuma da reshe a Jidda. Asibitin Haras Waɗani na Jidda ma yana yi. Ana iya karɓar kemo na biyu a wani asibiti, amma a nemi likita ya tura fayil cibiyar dashe tun zagayen farko. Idan PET ya fito da kyau, tazarar da ake da ita 'yan makonni ce kafin cutar ta sake ɗagowa, kuma abin takaici ne a ɓatar da su wajen bin takarda.

Ɗan ƙasa gwamnati ke ɗauke masa. Mai igama inshorar wurin aikinsa ce madogara, kuma tana da iyakar kuɗi a shekara, sannan dashe sai da amincewarsu a rubuce. A samu jami'in jin daɗin marasa lafiya na asibitin tun da wuri, a tambaye shi hanyoyin tallafi. A duba ranar ƙarewar igama da inshora, kada su mutu a tsakiyar magani.

Yaushe zai iya zuwa ganin gida, Kano ko Damagaram?

Ba a tsakanin zagaye ba, ko da rasuwa aka yi. Bayan dashe ma sai likita ya ba da izini, galibi bayan watanni. Dashe yana goge rigakafin da mutum ya yi tun yana yaro, sai an sake su ɗaya bayan ɗaya, ana farawa daga wajen wata shida. Masu rai a cikinsu, irin na ƙyanda da na shawara, sai bayan kimanin shekara biyu, kuma na shawara shi ne wanda ake tambaya a tafiyar Najeriya da Nijar. Kafin a yanki tikiti a karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da cikakken rahoton asibiti da Turanci mai ɗauke da sunayen magungunan da aka ba shi da ranar dashen.